Kayan yau da kullum a zafin Garwa: wanne za ki saya, wanne za ki bari

Da wuya sati ya wuce ba a samu yarinyar da za ta shigo shagona a unguwar Yelwa ta nan Garwa, a arewacin Kamaru, da waya a hannu ba, ta miƙo min hoto ta ce, "Adda, irin wannan nake so." In na duba, sai in ga wata ce tsaye a ɗaki mai na'urar sanyi, rigarta na jan ƙasa, farcenta zaƙo-zaƙo. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: ina za ki sa shi? In ta ce makaranta ko wurin aiki ko kasuwa, sai in ce ta ajiye wayar mu yi magana. Kayan da za a sa kullum a Garwa sai sun gamu da zafin Maris da Afrilu wanda kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da hawan mashin, da alwala sau biyar a yini. Da wannan ma'aunin nake auna duk abin da zan faɗa a nan.

Atamfa ce kan gaba, kuma a kanta aka fi cutar 'yan mata. Iri uku za ki tarar a babbar kasuwa. Akwai Holan da Sufa na kamfanin Vlisco, wanda yake garin Helmond tun 1846. Ba a jayayya da kyansu, suna shekaru ba su koɗe ba, amma kuɗin turmi ɗaya zai yi miki kaya kala uku ko huɗu na wata atamfar, ga jabunsu ya fi na gasken yawa. In ba lefe ake haɗawa ba, ban ga dalilin da ɗaliba za ta zuba kuɗinta a nan ba. Akwai kuma tamu ta gida, ta CICAM, kamfanin da aka kafa a 1965, wanda aka san shi da kaɗi da saƙa a nan Garwa da buga zane a Duwala. Ita ce wadda mata ke ɗinkawa duk ranar mata ta duniya, 8 ga Maris. Zanenta ba ya ɗaukar ido kamar na waje, amma auduga ce, tana shan gumi, kuma in ta sha wanki biyu sai ta yi laushi ta kwanta a jiki. Ta uku ita ce ta Sin, irin su Hitarget da ƙannenta masu suna barkatai, wadda ta cika kasuwa, wasu ma ta Kantin Kwari na Kano suke biyowa kafin su iso mu. A cikinta akwai mai kyau ƙwarai, akwai kuma wadda leda ce kawai aka yi wa fenti.

To ta yaya za ki bambance? Kada ki tsaya ga sunan da aka buga a gefen zanen, suna kowa na iya bugawa. Ki juya bayanta. Atamfar da aka rina da kakin zuma ko makamancinsa, ciki da waje kusan ɗaya suke. Wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne. Wannan ba aibu ba ne in kuɗinta daidai yake da ita, aibun shi ne a sayar miki da ita a farashin waccan. Sai ki jiƙa farin hankici ki goga a gefe: in launi ya biyo shi sosai, za ta zuba, kuma za ta ɓata miki farin mayafi ranar da gumi ya karyo. Ki kuma murza gefen tsakanin yatsunki. Wata ƙyallinta da taurinta duk sitaci ne, wanki ɗaya za ta koma kamar matacin koko. Gwaji na ƙarshe a gida ake yin sa: ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Wadda ta narke a ashana, ita ce za ta dafa ki da azahar.

Turmi yadi shida ne. Doguwar riga da ɗankwali ba su cika cinye shi duka ba, don haka in ku biyu ne marasa jiki, ku sayi kala biyu ku raba, kowacce ta tashi da riguna biyu. Wajen ɗinki kuwa, ga abin da na gani da idona. Siket matsattse yana da kyau a tsaye, amma mai shi ba ta iya hawa mashin sai a karkace, tana riƙe da jaka da hannu ɗaya, tana jan mayafi da ɗayan. Doguwar riga mai buɗewa daga ƙugu, ko bubu mai matsakaicin faɗi, ta fi sauƙin rayuwa nesa ba kusa ba, iska na shiga, kuma ko kin ƙara ƙiba ba za ta ƙi ki ba. Ki ce wa telarki ta sa miki aljihu a gefe. Ki kuma tambaye ta da wane yadi za ta yi shafi, domin abin yana ba ni takaici in ga an sayi atamfar auduga mai kyau sannan an shafe cikinta da yadin roba mai santsi. An kashe amfanin audugar ke nan. In atamfar ba ta nuna jiki, a bar ta haka. In kuwa dole ne, a sa shafin auduga mara nauyi.

Abaya ita ce mai ceton wadda ta makara: ba guga, ta bushe cikin awa ɗaya, a zura a fita. Sai dai yawancinta roba ce, har mai laushin nan da ake ce wa nida, kuma baƙa ta fi kowacce jan zafi da nuna ƙura. 'Yan matan Ngaundere, da garinsu ke kan tudu sama da mita 1,000, suna iya wuni da ita lafiya. Mu nan da Marwa, gara mai launin toka, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu, kuma mai buɗaɗɗen gaba wadda za ki ɗora a kan riga mara nauyi. In mai duwatsu ce, ki juya cikinta: waɗanda aka ɗinke suna zama, waɗanda aka liƙa da gam kuwa wanki uku sun fara zubewa, su bar tabo a gurbinsu.

Tsawonta kuma ba abin wasa ba ne. Bara wata yarinya da ke koyon ɗinki a wurina ta hau mashin da sabuwar abaya mai jan ƙasa. Ba su yi nisa ba bakin rigar ya shige ƙafar baya, ya naɗe, ya fizgo ta. Allah ya taƙaita, mai mashin ɗin ba gudu yake ba, ta tsira da ƙujewa a gwiwa da gwiwar hannu, rigar kuwa ta yage har ƙugu. Tun ranar duk abayar da aka kawo min ragewa sai na ɗage ta yatsu huɗu daga ƙasa, kuma ina gaya wa kowacce ta tattare rigarta da bakin mayafinta a kan cinya kafin a tashi.

Laffaya, wadda muka fi gani a jikin matan Kuseri da Njamena, da Shuwa da Barebari, ta fara shiga 'yan matanmu, kuma na yi murna da haka. Ba ta neman tela, mita huɗu zuwa biyar ce kawai a naɗa, ta zama riga ta zama mayafi. Ta yau da kullum ki nemi ta auduga mai shara-shara, wadda ke kama jikinta in an naɗa. Mai santsi da ƙyalli ta ziyara ce, tana zamewa, yini za ki yi kina gyara. Ki tuna dole sai da doguwar rigar ciki, wannan ma kuɗi ne, kuma in aikinki na ɗaga hannu ne ko ɗaukar kaya, laffaya za ta takura ki.

Shadda da leshi ba zan daɗe a kansu ba. Na Juma'a ne da suna da Salla. Shadda mai kyau irin Getzner ta ƙasar Ostiriya tana son bugu da adana, ɗigon ruwa ma yana bar mata alama. Guda ɗaya a akwati ta isa. Gwanjo kuwa ba abin kunya ba ne: dogayen riguna na auduga da wanduna masu faɗi da 'yan jami'a ke sawa ƙarƙashin buɗaɗɗiyar abaya, yawancin masu kyaun daga can suke. Ki je da safe ranar da aka fasa dila, ki duba hammata da zif da wuyan riga, ki wanke, ki shanya a rana, ki goge kafin ya taɓa jikinki.

Abin da ke sa kaya biyar su yi kama da goma shi ne mayafi. Maimakon mai ado ɗaya mai tsada, ki sayi uku marasa zane. Wajen haɗawa, ki dubi atamfar ki nemo ƙaramin launin da ya ɓuya a cikin zanen, shi za ki bi da mayafi, ba babban launin ba. Shifon yana da sauƙi a ka amma sai da fil. Mai talewa yana zama daram amma yana riƙe zafi a wuya. Takalmi kuwa, na fata da dukawan Marwa ke yi ya fi mai tsinin kanti dacewa da yashinmu. Ki zaɓi wanda aka ɗinke tafinsa, ba wanda aka liƙa ba, ki kuma huta da shi da damina.

Sai farce, inda na fi son a saurare ni. Jan lalle na ganye, wanda aka daka aka tankaɗe aka kwaɓa, shi ne zaɓina na farko ga duk mai salla. Rini ne da ke shiga cikin farcen, ba ya yin ɓawo a kansa, don haka ruwan alwala na isa. A fata yana sati ɗaya zuwa uku. A farce kuwa ba ya goguwa sai dai farcen ya tsiro ya ture shi, kuma farcen hannu kusan milimita 3 yake ƙaruwa a wata, shi ya sa bayan 'yan makonni za ki ga farin jinjirin wata ya fito a gindinsa. Wasu na ganin wannan muni ne, ni kuwa kyau nake gani. Salo ma ba ya ƙarewa: ki ƙunsa kan yatsu kaɗai zuwa gaɓar farko, ko ki yanka salatif siriri ki liƙa a tsakiyar farce ya bar farin layi, ko ki yi wa farce huɗu ja ki bar ɗaya da zoben lalle a gindin yatsa. Kuɗinsa kaɗan ne, haƙuri yake ci, don sai ya yi awanni a hannu. Lallen kwalba ko na leda da ke kamawa cikin minti goma, ki san an ƙara masa wani rinin.

Baƙin lalle shi ne abin tsorona. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin ɗan lokaci yawanci sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda ba a yi shi don ya zauna a kan fata ba. 'Yar ƙanwar mahaifiyata an yi mata zanen fure har gwiwar hannu a wani biki. Kwana huɗu lafiya lau, kowa na yabawa. A na biyar hannun ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya ɗuri ruwa daidai sawun zanen, fure bayan fure. Sai da aka je asibiti, kuma tabon ya yi watanni. Likita ya gaya mata daga yanzu ko rinin gashi ta guje shi, domin jikin da ya taɓa ƙin wannan sinadarin ba ya mantawa. Don an yi miki sau goma ba abin da ya faru, ba shi ne tabbacin na sha ɗaya ba. Ki tambayi mai lalle abin da ta haɗa, kai tsaye, ba kunya. In ta ce dayis ne, ki ce ta yi miki ja.

Jan farce na kwalba yana hana ruwa taɓa farce, shi ya sa yawancinmu sai a kwanakin fashin salla muke shafawa. In haka ne, na talaka mai sauƙin gogewa ya fi dacewa, ki haɗa da kwalbar ruwan goge shi tun a kanti. Wanda ake busarwa da fitila a shagon kwalliya an yi shi ne ya yi sati biyu ko uku, cire shi sai an jiƙa an kankare, farcen ya yi siriri. Biyan kuɗinsa don kwana biyar asara ce. Wanda ake tallatawa wai ruwa na ratsa shi kuwa, kada ki dogara da rubutun kwalba a kan sallarki, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Farcen roba, in har kina so don wunin biki, ki sayi mai manne da ake ɓarewa da dare. Mai gam yana daɗewa, ruwan wanke-wanke ya shige ƙarƙashinsa ya kwanta, ranar da kika cire ki tarar da farcenki ya yi kore. Tsawo kuma bai dace da hannun da ke tuƙa tuwo da wanki ba, ga shi a sunna ba a barin farce ya wuce kwana 40 ba a yanke ba.

Ki mallaki abin yankan farcenki da magoginsa, ki tafi da su ko shago za ki. Ƙarfen da ya yanki wani ya yanke ki hanya ce ta ciwon hanta, kuma kuɗin naki bai kai na mayafi ɗaya ba. Da hunturu ki riƙa murza man kaɗanya a gindin farce kafin ki kwanta, yana hana tsagewa, yana kuma sa lalle ya daɗe. Jan lalle ranar farko ruwan lemo yake fitowa, sai bayan kwana biyu yake nuna ya yi jajir. In bikin na Juma'a ne, daren Talata ko safiyar Laraba za ki ƙunsa.