Katin Amma: wasan koyon karatu da na saya wa yara, ga yadda na same shi

Wasa ne na kati, wata malamar Islamiyya ce a unguwarmu take haɗa shi da hannunta a gida, ba kamfani ba ne, ko suna babu a jikin robar, mu dai iyayen yara katin Amma muke ce masa tunda duk kalmomin ciki daga Juz'u Amma ta tsinto su, surorin nan 37 daga Amma zuwa Nasi. A shagon masu kwamfuta take bugowa, a yi mata laminatin, ta dawo gida ta zauna da almakashi ta yanka ɗaya bayan ɗaya ta zuba a robar abinci mai murfi. Idan ka gan shi haka nan ba zai burge ka ba gaskiya, sai an zauna an buga.

Abin da ya sa na saya, babbar 'yata tana aji uku a firamare kuma ta jima a Islamiyya, za ta rera miki Alam tara kaifa tun daga farko har ƙarshe babu gargada, da ƙira'a mai daɗi ma, amma ki buɗe mata shafin ki ce nuna min inda aka rubuta alfil sai yatsa ya kama yawo a takarda tana satar kallon fuskarki ko za ta gane ta dace. Hadda ce ta kunne zalla. Kuma ni ban ga laifin malamai ba, aji a cike maƙil, malam ya biya yara su amsa da ƙarfi, wa ke da lokacin bin idon kowane yaro ya ga ina yake kallo. Na san gidaje da yawa haka abin yake, sai an zo sauka ko an ce yaro ya buɗe wani izu da bai taɓa ji ba sannan asiri ya tonu.

Katunan launi uku ne. Kore na baƙaƙe ne, kowane harafi da siffarsa ta farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, kuma ta yi wata dabara da na yaba, haruffan nan shida da ba sa haɗuwa da na gabansu, alif, dal, zal, ra, zai da wau, ta ja musu jan layi a gefen hagu, yaro da ya gani ya san nan an yanke. Rawaya kuma harafi ne da wasalinsa, bisa, ƙasa, rufu'a, ɗauri. Wato babbaƙu da farfaru ke nan irin na makarantar allo aka mayar kati. Waɗannan biyun ba laifi, ana jera su a haɗa kalma, amma yarana ba su daɗe a kansu ba suka fara hamma.

Shuɗin shi ne maganar. Kowane kati kalma ɗaya ce cikakkiya, an rubuta ta daidai yadda ta zo a Mus'hafi, a bayansa kuma ma'anarta da Hausar boko. Wasan da ake yi da shi farauta take ce masa. A kife katunan a tsakiya, kowane yaro da Juz'u Ammansa a hannu, a zaro ɗaya a ajiye, wanda ya riga gano kalmar a cikin sura ya ɗora yatsa a kai shi ne ya ci katin, amma ba zai ɗauka ba sai ya juya ya karanta Hausar da ke baya da bakinsa. Ya kasa, katin ya koma ƙasa. Mu da ƙwallon dabino muke lissafin maki.

A nan hadda ba ta ceton kowa, shi ne abin da ya fi burge ni. Na zaro musu annas, na ce duk wanda ya ƙirga min sau nawa ta zo a Nasi yana da dabino biyu. Babbar ta yi wuf ta ce shida Umma. Ƙaninta ya tsaya yana bi a hankali da yatsa, ya ce a'a Yaya biyar ne, wannan ɗin da kha a gabansa. Alkhannas ta haɗa a ciki, saboda a kunne ƙarshensu ɗaya ne. Ta buɗe baki za ta yi musu na ce ki duba dai, ta duba, ta yi shiru, kuma tun ranar nake lura idan tana karatu idonta na kan layin ba kan silin ba. Haka wallaili, sun ɗauka a surar Laili kawai take, sai ga ta a Wadduha, ga ta a Wasshamsi, ga ta a Walfajri, suka dinga buɗe shafuka suna ihu kamar waɗanda suka tsinci kuɗi. Malamar ta iya zaɓen kalmomi wallahi, abubuwan da yaro ya sani ta ɗebo, giwa, tsuntsaye, raƙuma a Hal ataka, inabi a Abasa, ɓaure a Wattini, alƙalami a Iƙra'a, igiya da itace a Tabbat, rana da wata da duwatsu. Ba ta cika shi da kalmomin da sai an yi tafsiri kafin yaro ya gane ba.

Ribar da ban yi tsammani ba ita ce ta bokon. Ƙaramin namu da ko sunansa ba ya iya haɗawa sosai, saboda kada a ƙwace masa kati dole ya dage ya karanto gi-wa, da-re, ra-na, yanzu har kwalin shayi da allon shago yake tsayawa yana haɗawa a hanya, wani lokacin har ya ishe ka. Ta ce min ma'anonin da tarjamar Sheikh Abubakar Gumi take duba su, na gwada wasu da tawa ta gida ban ga saɓani ba.

Akwai maganar ladabi, don na san wasu za su tambaya, ni ma shi na fara tambayarta kafin in biya. Babu cikakkiyar aya a kan kowane kati, babu sunan Allah, babu na Annabi (SAW), kalmomi ne guda guda. Ta ce da gangan ta yi haka don ta san halin yara, kati zai faɗi ƙasa, jariri zai sa a baki, wani ma zai shige ƙarƙashin kujera sai ranar shara. Duk da haka mu a kan darduma muke bugawa, kuma alwala kafin a taɓa Juz'u Amma ɗin ba fashi. Kakansu da ya zo ya tarar da su sun yi da'ira ana raba kati ransa ya ɓaci, ya ce yau kuma karta aka shigo da ita gidan nan? Na ce Baba Allah ya huci zuciyarka, duba ka gani. Ya sa tabarau ya juya katin gaba da baya, bai ce komai ba, can sai na ji yana tambayar ƙaramin wannan wane harafi ne, yaro ya ce mim, ya ce mu mim ara muke cewa, daga nan aka ɓarke da ha kuri da kaf lasan da ɗa mai hannu, yara suna ta dariya suna maimaitawa.

To amma Baban ne ya fara nuna min matsalar da na fi ganin girmanta. Katin gaba ɗaya rubutun Hafsu ne, irin bugun Madina. Yaron da ke zuwa makarantar allo yana karatu da Warshu zai ruɗe, domin a rubutunmu na allo fa ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, a katin kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf na da biyu. Ɗan maƙwabciyata ɗan allo ne, ya ɗauki katin alfil ya karanta shi da ƙaf, yarana suka yi masa dariya har ya yi fushi ya tafi gida, alhali yaron bai yi kuskure ba a bisa abin da aka koya masa. Ya kamata ko dai ta yi na Warshu daban, ko ta rubuta ɓaro ɓaro a murfi cewa wannan na Hafsu ne. Na faɗa mata, ta ce samun rubutun Warshu a kwamfutar shagon ne wahala, sai dai a rubuta da hannu, kuma ta ce za ta gwada.

Na biyu, ɓangaren Hausar wasu katunan babu ƙugiya. An rubuta baure maimakon ɓaure, rakuma maimakon raƙuma, alkalami haka nan. Ga babba ba komai, mun saba a waya, amma yaron da yanzu yake koyo abin da ya gani shi zai karanta, kuma a makaranta malamin Hausa zai soke shi. Da biro mai maiƙo na bi na gyara nawa a saman laminatin, yana gogewa ina sakewa. Sannan gefen katin kaifi ne da shi, kusurwar ba ta zagaye ba, ya karce min ƙaramin a yatsa, sai da na zauna da almakashi na rage kowanne. Wasullan kan katin rawaya kuma ƙanana ne ƙwarai, da daddare in an ɗauke wuta ana fama da fitilar waya ba ka bambance rufu'a da ɗauri. Takardar bayani babu, sai saƙon murya da take turowa a WhatsApp, in ya ɓace a waya shi ke nan sai ka sake kira.

Kada kuma wata ta saya ta ce ta sallami malami. Kati ba ya magana, ba zai gyara wa yaro maharaji ba, ba zai nuna masa bambancin sin da sad a baki ba, balle madda da gunna. Wannan aikin Ƙa'idatun Nuraniyya ne ko Bagdadiyya a gaban malami. Kuma in babu babba a wurin, mai ƙarfin baki ne yake cinye katunan, na ƙasa ya koma kuka, na gwada barinsu su kaɗai ina kicin, rigima ce ta dawo da ni. Mu ranar Alhamis da Juma'a da yamma muke bugawa da babu Islamiyya, kamar rabin awa, in ya wuce haka sun gaji sai shiririta.

Kuɗinsa 'yan dubbai ne kaɗan, ta ce yana motsawa da tsadar laminatin, kuma ba ta ajiye da yawa, sai an yi oda take haɗawa don haka sai an ɗan yi haƙuri, na wajen gari kuma a tasha take ba direba. A ganina ya ci kuɗinsa ga yaro ɗan shekara biyar zuwa tara wanda ya riga ya fara sanin baƙi kuma yana karatu da Hafsu. Wanda ya wuce izu biyu zai raina shi. Idan za ki yi oda ki gaya mata tun farko a zagaye miki kusurwa, a sa ƙugiya a Hausar, kuma in kuɗin ya yi miki yawa ki ce ta ba ki shuɗin kaɗai, tana sayarwa a haka.