Shekara shida bayan tiyatar ƙashin bayan 'yata: aikin ya yi kyau, bibiyar ce ta ba ni haushi

'Yata tana da shekara 14 aka yi mata tiyatar karkacewar ƙashin baya. Lokacin karkacewar ta kai digiri 58, bayan ta shafe kusan shekara biyu tana sanye da rigar roba mai tauri da ake sawa don riƙe baya, ba tare da rigar ta tsayar da karkacewar ba. Aka sa mata sandunan ƙarfe biyu da sukurori, aka haɗe ƙasusuwa 12 suka zama ɗaya, daga na 4 na ƙirji har na 3 na ƙugu. Ba ni da abin cewa a kan aikin kansa sai alhamdulillahi. Washegari aka tsayar da ita ta yi taku, cikin mako shida ta koma makaranta, kafaɗunta suka daidaita, har tsawo ta ƙara. Da a shekarar farko na rubuta wannan sharhi, da yabo kawai za ku karanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bara. Ta fara kukan ciwo a can ƙasan ƙugu, ƙasa da inda tabon ya tsaya. In ta daɗe zaune a aji sai ta kasa miƙewa lokaci guda. Wani dare ta same ni a ɗaki ta ce, "Umma, ko dai ƙarfen ne ya karye?" Ban runtsa ba ranar. Muka koma asibitin da aka yi aikin, muka yi zaman jira tun safe har rana ta raba. Likitan da ya yi mata aiki ya bar wurin, wanda muka tarar kuwa ko hannu bai ɗora a bayan yarinyar ba. Ya ɗaga hoton ƙashi, ya ce ƙarfe yana nan lafiya, ƙashi ya haɗe, su sun gama nasu. Na ce, "Likita, to ciwon fa daga ina?" Ya rubuta maganin kashe zafi ya miƙo mini, idonsa na kan kati na gaba. Yarinya ta fito tana hawaye, tana ganin kamar an ɗauke ta mai raki. Wannan ya yi mini ciwo fiye da kuɗin da muka kashe.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani wurin ta warware mana komai cikin rabin sa'a. Ta ɗauko ƙashin roba ta nuna mana cewa inda aka haɗe ba ya lanƙwasa kuma har abada, don haka duk sunkuyo da juyi da ɗaukar kaya sun koma kan 'yan gaɓoɓin da suka rage a ƙasa, waɗanda a wajen 'yata uku ne kacal. Guringuntsin da ke tsakaninsu yana aikin da a da ake raba shi da na sama, shi ya sa yake saurin gajiya, kuma yana iya lalacewa da wuri in ba a kula ba. Ta koya mata motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da ta ɗuwawu, ta nuna mata yadda za ta durƙusa da gwiwa in za ta ɗauki abu a ƙasa, ta ce ta riƙa ninkaya da tafiyar ƙafa, kada ta yi zaman sa'o'i ba ta tashi ba, ta kuma kula da nauyin jikinta. Bayan wata uku ciwon ya ragu sosai. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri.

Amma duk lokacin da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Me ya hana a gaya mana wannan tun ranar sallama? Takardar da aka ba mu ta tsaya ne a kan shekarar farko: kada ta ɗauki nauyi, kada ta yi wasan karo. Babu wanda ya ce mana ƙwayar cuta na iya shiga wajen ƙarfen ko bayan shekaru, wanda alamarsa kumburi ne ko ruwa a tabo ko zazzaɓi. Babu wanda ya ce in ta tashi haihuwa sai ta sanar da likitan allurar barci tun da wuri, domin allurar baya takan yi wuyar shiga. Fatar gefen tabon har yau ba ta jin taɓi sosai, tudun da karkacewar ta sa haƙarƙarinta suka yi ma bai ɓace duka ba, kuma duk wannan da kanmu muka gano cewa hakan na faruwa.

In aka tambaye ni ko a yi tiyatar, zan ce a yi in likita ya ga karkacewar ta haura digiri 45 zuwa 50, domin irin wannan takan ci gaba ko an gama girma. Wancan asibitin dai ba zan tura kowa ba sai in ya shirya neman mai bibiya a wani wuri. Sau uku ke nan ina neman rahoton aikin, mai ɗauke da irin ƙarfen da aka sa mata, har yanzu cewa suke a dawo mako mai zuwa.