Ƙaramar NMR ko babbar, don ganin motsin polima?

Ƙanena, tsakanin ƙaramar NMR (na'urar da ke binciken samfur da maganaɗisu, tana sauraron siginar ƙwayoyin haidirojin da ke cikinsa) ta kan tebur da babbar mai shan heliyom, tunda motsin sarƙoƙin polima (dogayen sarƙoƙin sinadari da ake yin leda da roba da su) kake bi, ɗauki ƙaramar.

Mai 20 MHz (megahaz, mitar siginar da take aiki da ita) muke da ita a labonmu nan Yamai. Maganaɗisunta dauwamamme ne, bai cika rabin tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ba, wutar lantarki kawai take so. Ba na manta ranar da na fara saka guntun leda a cikinta. Siginar haidirojin ta rabu biyu a idona: wani kashi ya ɓace cikin mikrosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) 10 zuwa 20, nan ne sarƙoƙin suka jeru suka ƙame, sauran ya yi ta dushewa a hankali, nan ne suke da sakewa. Tsawon wannan dushewar ake kira T2. A inda aka ƙame, ƙwayoyin haidirojin na jan juna da ƙarfi, sai sigina ta mutu nan take. Idan sarƙa na jujjuyawa, jan ya yi rauni, sai ta daɗe. Da na saka robar taya, T2 ya haura wajen milisakan. Na dawo kan ledar ina ƙara zafi kaɗan-kaɗan, ƙamammen kashin na raguwa, wallahi har aka kira magariba ban tashi ba.

Babbar mai 400 MHz, tesla 9,4, ta fi nuna tsarin sinadari, ban musa ba. Amma sai da ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Mun taɓa sayen tsohuwa, heliyom ya gagara, ga ta can a lulluɓe.

Ka yi hattara da dillalan kayan hannu. Akwai mai sayar maka da na'ura ba lasisin manhaja, ko ba abin daidaita zafin samfur. Ka tambayi tsawon lokacin da take kurmancewa bayan an harba mata sigina. Idan ya wuce mikrosakan 10 sosai, ƙamammen kashin zai ɓace kafin ta ji shi. Kada ka biya sai an gwada da samfurinka a gabanka.

Sannan ka tanadi ɗaki mai sanyi da batirin tare ɗaukewar wuta. Zafin Afrilu a nan kan wuce digiri 40, kuma da zafin maganaɗisun ya sauya, awon ya karkace.