Fitilar Ƙarƙashin Mota: Wasiƙa Daga Teksas Zuwa Kaduna

Auwalu ƙanena, sallama irin ta addinin Musulunci. Ka gaida Hajiya, ka ce mata man zafin ƙafarta yana cikin kayan da zan aiko. Na saurari saƙonka, na kuma kalli bidiyon motar nan da ka ɗauka a titin Ahmadu Bello da daddare, tana tafe shuɗin haske na zuba a ƙarƙashinta. Ka ce in sayo maka irin fitilar ka ɗaura wa Corolla ɗinka kafin bikin abokinka. Na yi shiru ne don ina so in fara saya in ɗaura wa tawa motar da hannuna, in san abin da zan aiko maka. Ranar Asabar da ta wuce na yi, ga yadda ta kaya.

Irin wannan fitilar da samari ke kira niyon yanzu, yawancinsa ba niyon ba ne. Na asalin bututun gilashi ne mai iskar gas a ciki, kuma ba ya kamawa sai an haɗa shi da ƙaramar taransifoma da za ta ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai. Shi aka yi yayi a nan Amurka a farkon shekarun 2000. Gilashi kuwa ka san halinsa, tsakuwa ɗaya ta ishe shi. A lungunanmu na Tudun Wada da damina ba zai ga sati ba. Wanda ake sayarwa yau zaren fitilun LED ne da aka lulluɓe da roba, yana aiki da bolt 12 kai tsaye, ba ya cin wuta sosai, yana kuma lanƙwasuwa. Shi na saya, dala 70.

Ta intanet na yi oda, kwana biyu sai ga kwali a bakin ƙofa. A ciki akwai zare huɗu, dogaye biyu na gefe da gajeru biyu na gaba da baya, da ɗan akwatin da ke sarrafa launi, da rimot, da fis, da igiyoyin roba na ɗauri. Kafin in shiga ƙarƙashin mota na shimfiɗa su a ƙasa na jona da batir, sai rabin zare ɗaya ya ƙi kamawa. Na shiga waya na nuna ina son mayarwa. Ba wanda ya tambaye ni rantsuwa, ba wanda ya ce wutar motata ce ta ƙona shi. Aka karɓi tsohon, aka aiko sabo. Wannan kam, Auwalu, sun fi mu. Ka san abin da ake rubutawa a ƙasan rasit a gida, kaya in ya fita ba ya dawowa. Sai dai mu ma muna da abin da ba su da shi. A Panteka gabanka mai shago zai jona kayan a batir ka gani da idonka kafin ka zaro ko sisi, ku yi ciniki, ka san fuskarsa ya san taka. Nan kuwa har yau ban san wanda ya sayar mini ba.

Inda abin ya juye shi ne wajen aiki. Na leƙa wani gareji kusa da gidanmu a Hiyustan na tambayi kuɗin ɗaurawa. Awa-awa suke lissafi, kowace awa sama da dala 100, suka ce aikin zai ci awa uku, kuma sai na karɓi rana a mako mai zuwa. Ka ga kuɗin aiki ya ninka kuɗin kaya fiye da sau huɗu. A nan kaya araha, hannun mutum ne tsada. Shi ya sa za ka ga lauya da likita ranar Asabar sun kwanta ƙarƙashin motocinsu. Har shagunan kayan mota irin su AutoZone suna ba da aron kayan aiki: ka ajiye kuɗi, ka ɗauka, ka dawo da shi su mayar maka da kuɗinka cif. Ina tsaye a garejin nan na tuna mai wayarin ɗin da ke yi wa Baba Fijo 504 ɗinsa, wadda aka harhaɗa can Kakuri. Da shi ne, da kafin la'asar an gama, yaron shagonsa na ƙasa yana ɗauri, shi yana sama yana jan waya, ana hira ana shan shayi. Wallahi ba mu san darajar masu sana'ar hannunmu ba sai mun fita.

Na shimfiɗa kwali a filin ajiye motoci na gidan hayarmu. Abu na farko, na cire kan batir na baƙar waya. Na ɗaga motar da jak, sannan na kafa mata ƙafafun ƙarfe guda biyu na sauke nauyinta a kansu. Ina roƙonka, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kada kuma ka yarda a tokare ta da bulon siminti, domin bulo rugujewa yake ba sallama. In babu ƙafafun ƙarfe, a kai ta kan rami.

Na goge wuraren da zan manna da sifirit har tsumma ya daina baƙi, domin gam ba ya kama ƙura da maiƙo. Ko da na manna ban yarda da gam ɗin kaɗai ba, duk tazarar taƙi ɗaya sai na ɗaure da igiyar roba a jikin shasi. Ina cikin jan zaren baya, wani maƙwabcina ɗan Meziko, dattijo mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya durƙusa ya haska mini da tocilan. Bai ce komai ba, ya dai nuna salansa da yatsa ya girgiza kai. Na duba, ashe wayar ta bi ta kusa da bututun hayaƙi, tsakaninsu bai kai yatsu uku ba. Da an kunna inji an yi tafiya, narkewa za ta yi. Na kwance na sake bi da ita ta ɗaya gefen, nesa da salansa, nesa da bututun birki da na mai, nesa da duk abin da ke motsi in taya ta juya ko ta faɗa rami. Haka kuma zaren ya ɓuya a sama, yadda ba za a ga ƙwayoyin fitilar ba sai haskensu a ƙasa, kuma in ka hau tudun rage gudu kada ya gogu.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa, wato fis. Gwanayenmu na gida sun iya aiki, amma da yawa sun raina fis. Sau nawa muka ga fis ya ƙone an naɗe shi da zaren waya an mayar? Ko a murɗa waya biyu da hannu, a naɗa salatif, a ce shi ke nan. Ka tuna motar maƙwabcinmu da ta kama da wuta a ƙofar gida bayan an sa mata rediyo, muna ta watsa yashi da bokitai. Fis ɗin nan shi ne zai ƙone a madadin motarka in jar waya ta goge ta taɓa bodi. Dole ya zauna kusa da inda aka ɗebo wutar, kuma ya zama daidai lambar da takardar kwalin ta faɗa. Ni ban jona kai tsaye da batir ba, na ɗebo daga akwatin fis, ta layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli. Ta haka ko ka manta fitilar a kunne, ba za ka wayi gari kana neman masu turi ba.

Batun ruwa, a jikin kwalin an rubuta IP67, ma'ana zaren zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Hiyustan ma garin ambaliya ne, mutanen nan har yau suna zancen guguwar Harvey ta 2017, don haka na duba wannan da kyau. Amma akwatin sarrafa launin ba ya son ruwa. Na ɗaure shi can sama cikin bonet, nesa da zafin inji. Ka gargaɗi yaran wankin mota kada su saita masa tiyo.

Sai doka. A Amurka kowace jiha da tata. Nan Teksas an hana jan haske da za a hango daga gaban mota, an kuma hana fitila mai walƙiya ja ko fari ko shuɗi, don na 'yan sanda ne da motocin agaji. Wasu jihohin ma ba sa yarda ka kunna ta a kan titi sam. Kai ma kafin ka fita da ita, ka je ka tambayi jami'an kiyaye haɗurra da 'yan KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, abin da suka yarda da shi. Shawarata, ka bar ja da shuɗi mai walƙiya kwata-kwata. Garinmu gari ne mai shingayen bincike da dare, ba na son a ɗauke ka a matsayin wanda ke kwaikwayon jami'an tsaro, ba na kuma son ka kashe wa mai keke Napep ido a kan hanya. Ka kunna ta in ka faka a wurin biki, in za ka hau titi ka kashe.

Da magariba na gama, awa biyar cur. Na murɗa makulli, koren haske ya bazu a kan kwalta kamar an shimfiɗa darduma, dattijon nan ya tafa mini. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma yi kewar gida a lokaci guda.

Na sayo maka irin nawa, na gwada zare huɗun duka suna kamawa, na ƙara maka fis na ajiya da igiyoyin roba masu yawa. Wani abokin aikina zai sauka Abuja ƙarshen wata, zai hau jirgin ƙasa daga Idu, sai ka tare shi a tashar Rigasa. Kada ka ɗaura kai kaɗai. Ka kai wa mai wayarin ɗin da ka yarda da shi a Panteka, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ka matse shi ba, ka tsaya a kansa har a gama. In an gama, ka ɗauko mini hoton inda aka sa fis ɗin da inda wayar ta bi ta wajen salansa, ka turo mini kafin ka fita da motar.

Yayanka.