Blender Ga Mai Koyon Ƙera Siffofi A Katsina: Daga Silinda Zuwa Turmi

Blender manhaja ce ta ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri a kwamfuta, kuma kyauta ce. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ya ƙirƙire ta, aka sake ta ga kowa a 2002 bayan masu amfani da ita sun yi karo-karo sun tara Yuro 100,000. Lasisinta ya yarda a kwafa a raba, saboda haka mutum ɗaya a Ƙofar Ƙaura zai iya sauke ta daga blender.org, nauyinta ya ɗan haura megabait 300, ya zuba wa abokan karatunsa a filash. Da an saka ta, ba ta ƙara neman intanet. A nan ta sha gaban Tinkercad, wata manhajar ƙera siffofi wadda ta fi ta sauƙin koyo amma ba ta motsi sai da data.

Kafin a sauke, a duba kwamfutar. Daga fitowa ta 4.0, Blender na neman katin hoto mai ɗaukar OpenGL 4.3, da RAM aƙalla gigabait 8. Tsofaffin laftof na hannu da suka cika shagunanmu, wasunsu ba su kai nan ba, sai manhajar ta buɗe ta rufe nan take. Mai irin wannan na'ura ya nemi fitowa ta 3.6, duk abin da ke ƙasa zai yi aiki a cikinta. Sannan a sayi linzami mai taya a tsakiya, ko na arha ne. Da tayar ake juya kallo, da ita ake ƙara yawan yanka. Akwai saitin da ke sa Alt da dannan hagu su maye gurbinta, amma yana ƙwace Alt daga wani aiki da za a buƙata yanzun nan.

Gwajin da ya fi nuna halin manhajar shi ne turmi, domin silinda ɗaya ta isa. A goge akwatin da ke tsakiya da X, a danna Shift da A, a shiga Mesh a zaɓi Cylinder. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Wani ɗan allo yana fitowa a ƙasa ta hagu, a cikinsa ake saita siffar, kuma da an taɓa wani aiki ya tafi ke nan. Silindar tana zuwa da ɓangarori 32, tsayi mita 2, faɗi mita 2, wato ta fi tanki girma. A mayar da ɓangarorin 16, rabin faɗi 0.18, tsayi 0.55.

Tab ke shigar da mutum cikin gyaran siffar. Ctrl da R suna yanka zobe kewaye da jiki. A murza tayar linzami har zobba su zama uku, a danna hagu, sannan dama don su tsaya daram. A riƙe Alt a danna zobe na ƙasa, a matsa S a tsuke shi zuwa kamar 0.6, ga ƙugun turmi ya fito. Yanzu baki: a danna 3 na layin sama don zaɓen fuska, a zaɓi ta saman, a matsa I a shigar da ita ciki kaɗan, kaurin leɓen ke nan. Sai E a rubuta -0.3 don haƙa ramin, S kuma a tsuke gindinsa da rabi. Bayan an zaɓi gefunan leɓe, Ctrl da B suna dakushe kaifinsa. Layi biyu ko uku sun isa. A fita da Tab, a danna dama a zaɓi Shade Smooth. Wanda hannunsa ya faɗa ba zai ci minti biyar ba.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan aiki, kuma manhajar ba ta yi wa kowa kashedi a kansu, wanda a ganina shi ne babban aibinta. Na farko: idan aka danna E sannan aka fasa da dannan dama, sabuwar fuskar ba ta goge ba, tana nan kwance a kan tsohuwar. Ido ba ya ganinta, sai an zo dakushe leɓe ya ƙi, ko wasu baƙaƙen tabo su bayyana. Maganinsa Ctrl da Z nan take. In an yi nisa, a zaɓi komai da A, a danna M, a zaɓi By Distance, ɗigon da suka hau juna su haɗe.

Na biyu yana fitowa wajen taɓarya. Mai koyo zai ɗauko silinda ya miƙe ta da S da Z kafin ya shiga gyara, ta yi tsawo yadda yake so. Da ya zo zagaye kanta sai lanƙwasar ta karkace, ta ja sama kamar tsinin fensir. Dalili kuwa, a wajen Blender silindar tana nan gajera, miƙewar lamba ce kawai da aka ɗora mata. A fita daga gyara da Tab, a danna N a duba Scale: in ba 1 ba ne a duka uku, a matsa Ctrl da A a zaɓi Scale kafin a ci gaba.

Ƙwarya ta fi sauƙi: ƙwallo ce aka sare rabinta na sama. Sai dai a kunna Alt da Z tukuna don a riƙa gani har baya, in ba haka ba gaban kaɗai zai goge. Solidify, saitin ƙara wa siffa kauri, zai ba ta kauri, milimita 5 ya wadatar. Zaure kuwa akwati ne da ƙananan mazurarai huɗu a kusurwa a matsayin zankwaye, ana kwafe su da Shift da D. Mai son abu babba ya gwada Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kusan mita 15, da akwatunan da ke raguwa yayin da suke hawa. Wahalarta ba ta wuce ɗaya ba: ginin ƙasa ba ya da kusurwa mai kaifi, dole a karkata ɗigo da hannu, in ba haka ba za ta fito kamar ginin bulo.

Kada a yi zarin Subdivision Surface, saitin da ke ƙara fuskoki don siffa ta yi sumul. Kowane mataki yana ninka fuskoki sau huɗu: akwati mai fuska 6 yana zama 96 a mataki na biyu, 24,576 a na shida. Mataki biyu ya ishi turmi. Haka wajen fitar da hoto, cikin injinan fitar da hoto na Blender, Eevee ya fi dacewa da ƙaramar na'ura. Cycles ya fi kyau, amma a zafin Afrilu na Katsina, da ƙurar hunturu da ta toshe fanka, laftof zai yi ta gurnani har ya kashe kansa.

Batun ɗauke wuta, manhajar ta taka rawar gani: tana ajiye aiki da kanta duk minti 2, ana dawo da shi ta File, Recover, Auto Save. Ajiyar tana zama ne a ma'ajin wucin gadi da Windows kan share, don haka ajiye aiki da hannu da Ctrl da S bai faɗi ba. Mai son zana kujera ko ƙofar ƙarfe don nuna wa mai saye zai ji daɗinta, amma wanda ke buƙatar awo daidai har milimita don yanka ƙarfe, FreeCAD ta fi dacewa da shi, ita ma kyauta ce.