Sharhina kan sashen cututtukan jini da ya gano ciwon Yayana

Duk wanda ya tambaye ni ko sashen cututtukan jini na asibitin koyarwar da muka kai Yaya ya cancanci wahalar zuwa, zan ce masa ya je. Amma ya tafi da haƙuri, da kuɗin gwaji, da wani mai ƙarfin ƙafa da zai riƙa yi masa zirga-zirga. Aikin likitocin ban ga inda zan kushe shi ba. Hanyar da ake bi kafin a kai gare su ce ke neman gyara.

Yaya ya daɗe yana rama. Ga gajiya, ga zufar dare har matashin kai ya jiƙe, kuma loma kaɗan zai yi ya ture kwano, mutumin da a da sai an ƙaro masa tuwo. An sha maganin maleriya daga kemis, an koma na taifot, Inna ta ce shawara ce ta aiko da jiƙo. Sai da wani likita a ƙaramin asibiti ya danna cikinsa ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ya ji saifa ta kumbura ta sauko, sannan aka yi gwajin ƙidayar jini. Fararen ƙwayoyin jinin mai lafiya ba sa wuce tsakanin 4,000 da 11,000 a maikurolita guda. Na Yaya sun haura 100,000. Nan take aka rubuta mana takardar tafiya gaba.

Abin da ya fara burge ni a sashen shi ne ba su dogara da takardar da muka zo da ita ba. Sun sake ɗibar jini, suka shafa ɗigo a gilashi, suka rina, likitar ta zauna ta duba da kanta a madubin awo. Ta ce ta ga fararen ƙwayoyi a kowane matakin girma, manya da ƙanana da waɗanda ba su nuna ba, duk sun fito cikin jini, alhali ɓargo ne mazauninsu har su ƙosa. Ta ce tana zargin sankarar jini mai tafiyar hawainiya wadda suke kira CML, amma zargi ne, ba za ta yanke hukunci da ido kaɗai ba.

Ɗibar ɓargo ce ta fi tayar mana da hankali, don a gida an riga an tsorata Yaya cewa laka za a zuƙe masa ya shanye. Ba haka ba ne, allurar ba ta ma kusanci laka ba. An kwantar da shi ta gefe, ya naɗe gwiwoyi, aka goge bayan ƙugunsa da aidin, aka yi allurar kashe zafi, sannan aka murza wata allura mai kauri cikin ƙashin ƙugu. Da aka ja sirinji ya yi salati da ƙarfi ya damƙe hannuna. Nas ɗin ta ce, “Sannu Baba, an gama, wannan jan ne kawai mai zafin.” Kuma gaskiya ta faɗa. Da ƙafarsa ya fita, da ɗan filasta a baya. Sakamakon ya nuna ɗanyun ƙwayoyin ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, wato ciwon yana matakin farko, wanda ya fi jin magani.

A zatona an gama ke nan. Likitar ta ce saura gwajin da ya fi duka muhimmanci, na BCR-ABL. Ta ɗauki biro ta zana mana sanduna biyu a bayan kati, ta rubuta 9 da 22. Ta ce a cikin ƙwayar ɓargo waɗannan kuromozom biyu, wato zaren da ke ɗauke da umarnin halittar ƙwaya, su ne suke karyewa su yi musayar gutsure, sai haɗin ya haifar da wani sinadari mai suna BCR-ABL da ke umartar ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Tun 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka gano gajeren kuromozom ɗin a birnin Filadelfiya na Amurka, shi ya sa ake kiransa da sunan garin, kuma a 1973 Janet Rowley ta nuna musaya ce ke jawo shi. Maganin imatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, wannan sinadarin yake toshewa. In babu sinadarin a jinin mutum, ba CML ba ce, maganin kuma ba zai yi masa abin da ake so ba.

Yaya ya tambaye ta, “Likita, yarana fa? Ko na shafa musu?” Ta ajiye biron ta dube shi. “A’a Alhaji, ba a gadonsa, ba a kuma ɗaukarsa. Ku ci abinci kwano ɗaya.” Da ba ta faɗi haka a gabana ba, na san da an ware masa kofi da cokali a gida.

To, a kan wannan gwajin ne muka ga ta kanmu. Na’urar tana nan, GeneXpert, irin wadda ake gwajin tarin fuka da ita, amma kwanson gwajin, wato ɗan mazubin da ake zuba jini a saka a na’urar, na daban ne kuma ya ƙare. Babu wanda ya gaya mana sai da na biya kuɗi, na bi layin rasit, na kai jini. Aka ce mu dawo. Da muka dawo jinin ya tsufa, sai an ɗebi sabo. Fayil ɗinsa ma ya taɓa ɓacewa tsakanin ɗakin kati da ɗakin likita, ni na bi sawu na samo shi. Wanda ya taso daga ƙauye da kuɗin mota na aro, ban san yadda zai yi da irin wannan “ku dawo” ba. Takarda ɗaya a liƙa a ƙofar wurin biya ta isa ta hana wannan asara. Sai dai a tsakanin ba su bar shi haka ba, sun ɗora shi kan hydroxyurea don ƙidayar ta sauka, da allopurinol saboda ƙoda, suka ce ya yawaita shan ruwa.

Sakamakon ya fito da BCR-ABL a jininsa, kuma takardar nan ce aka nema kafin a yi masa rajistar karɓar imatinib kyauta ta hannun gidauniyar Max, shirin da a Najeriya ya daɗe yana gudana daga asibitin koyarwa na Ile-Ife. Likitar da kanta ta cike fom ɗin. Yanzu miligiram 400 yake sha kullum tare da abinci, saifar ta koma, tuwon ma ya dawo.

Gwajin bai ƙare ba, duk wata uku za a maimaita a ga yadda adadin BCR-ABL ɗin ke sauka. Ta ce a zagayen farko tana so ta ga kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka, daga baya a nufi 0.1. Na karɓi lambar wayar ɗakin gwajin, kuma kafin mu hau mota sai na kira na ji ko akwai kwanson.