Rigimar dbrand da Casetify: kama ce ko kwafi?

Wani ɗan'uwa mai teburin kayan salula a Kasuwar Dole ya tambaya: tunda rigunan waya duk kusan kamarsu ɗaya, don me dbrand ya kai Casetify kotu? Malam, bari mu aje su gefe da gefe.

dbrand kamfanin rigunan waya ne na Kanada, a Toronto. Tun 2019 yake aiki da Zack Nelson, mai tashar JerryRigEverything a YouTube. Sai su kwance waya, su ɗauki hoton cikinta, batir da allon lantarki da siraran wayoyi, su gyara shi har ya zauna daidai a bayan wannan wayar, kowace da nata. Suka sa masa suna Teardown. Casetify kuwa na Hong Kong ne, ya fito da nasa daga baya, Inside Out, shi ma hoton cikin waya.

Da iyakarta ke nan, ni ba zan kira shi kwafi ba. Cikin Samsung ba mallakar dbrand ba ne, ko mai gyaran waya na nan Damagaram zai iya buɗe ta ya ɗauki nasa hoto. Inda magana ta yi nauyi shi ne alamomin da dbrand ya ɓoye cikin zanensa: 11/11/11, ranar da aka kafa kamfanin, da lambar R0807, da maganar da Zack ya saba faɗi cewa gilashi gilashi ne, yana fashewa. Babu ko ɗayansu a cikin waya ta gaskiya, amma dbrand ya nuna su a rigunan Casetify. Kamar baduku ne ya ga alamar da shi kaɗai yake sawa a cikin jaka, a hajar wani. Wannan hujja ta gamsar da ni, kuma abin ya dame ni, don aikin hannu ne mai cin lokaci.

A Nuwamba 2023 dbrand ya shigar da ƙara a kotun tarayya ta Kanada, yana cewa zane 117 aka kwafa. Casetify ya janye kayan daga kasuwa, ya ce yana bincike.

Kai da ke saro kaya daga Kano, riga mai launi ɗaya ko mai garau ba ta cikin wannan rigima. Wadda za ka duba da kyau ita ce mai ɗauke da tambarin kamfani ko zanen wani, alhali kuɗinta bai wuce jika ɗaya ba.